Yaro da Ƙwallo: Ina Hankalinsa Yake?

A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Nijeriya ta ci Italiya ɗaya, ta riƙe wannan ci har kusan tashi. Italiya ma da mutum 10 take wasa, gama an kori ɗaya daga cikinsu. Amma a minti na 88 Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara na biyu a ƙarin lokaci, aka fitar da Nijeriya. Ƙiftawar ido ɗaya ta rushe wahalar yini guda.

To, in haka ta sami manya, ina ga ɗan shekara 8? Dukanmu mun san yaron da aka sa tsaron gida, ƙwallo tana zuwa, shi kuwa yana kallon akuyar da ta ratsa fili. Wannan ba taurin kai ba ne, ƙuruciya ce. Tara hankali abu ne da ake koya, kamar karatu.

Abu na fari, mu rage yawan 'yan wasa. In yara 22 suna bin ƙwallo ɗaya a babban fili, wani zai daɗe bai taɓa ta ba, hankalinsa kuwa ya tafi yawo. A raba su huɗu huɗu ko biyar biyar a ƙaramin fili. Nan ƙwallo ba ta barin kowa ya huta.

Na biyu, mu ba yaro aiki ɗaya tak. Mu ce masa, "Yau kafin ƙwallo ta iso ƙafarka, waiga ka ga wanda yake bayanka." Sa'ad da ya saba da wannan, sai a ƙara wani. Doguwar magana takan bi iska.

Na uku ya shafe mu iyaye. Mai koyarwa yana cewa a miƙa, uba yana ihu a buga, yaro ya rasa wanda zai ji. Da ya yi kuskure kuma aka daka masa tsawa, sai ya bar duban ƙwallo ya koma duban fuskar mahaifinsa. Gara mu tafa masa, mu bar gyara sai an koma gida an ci tuwo.

Kada kuma mu manta da jiki. Likitocin yara sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12. Wanda ya raba dare yana latsa waya, ko ya fita fili da yunwa da ƙishi, ba zai natsu ba.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye. Yaron da ya koyi natsuwa a fili, lalle zai kai ta aji.