Kafin ka sayi babbar wayarka ta farko

 Hirarmu ta yau a kan babbar waya ce, wadda ake shafawa da yatsa. Da yawa cikinku suna tara kuɗin wake ko na albasa don su sayi ta farko. To, ku saurara da kyau, kada gumin shekara ya tafi a banza.

Galibin wayoyin da kuke gani a kasuwannin Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, irin su Tecno da itel, na kamfanin ƙasar Sin ne. Amma ƴan Afirka ma sun shiga wannan sana'a. A 2019 kamfanin Mara ya buɗe masana'anta a Kigali ta ƙasar Ruwanda, da wata a Durban ta Afirka ta Kudu. A 2022 kamfanin Cerco na Kodebuwa ya fito da waya mai suna Open G, domin wanda bai iya karatu ba. Mutum zai yi mata magana da harshensa, kamar Jula ko Bawule, ta amsa masa.

Wannan abin alfahari ne. Amma masana'antar Durban ba ta daɗe ba, ta rufe. Mine ne darasin? Waya takan lalace, kuma sai da kayan gyara take tashi. Saboda haka, ko ta gida ce ko ta waje, ka tambayi mai gyaran waya na garinku ko ana samun gilashinta da batirinta.

Bayan haka ka duba abu huɗu.

Na ɗaya, batiri. In ƙauyenku babu lantarki, nemi mai lamba 4000 ko 5000 a jikin kwali. Ita ce ke daɗewa kafin a kai ta caji.

Na biyu, cikin waya. Wurin ajiya kada ya kasa giga 32, ƙarfin aikinta kuma giga 2. Ƙasa da haka, hotuna da saƙonnin WhatsApp za su cika ta da wuri, ta yi nauyi.

Na uku, gurbin layi biyu. Inda Airtel ba ya kamawa, wataƙila Moov ko Zamani ya kama.

Na huɗu, takardar ciniki. A rubuta maka kwanan wata, da farashi, da tsawon garanti. Ita ce shaidarka cewa wayar ba ta sata ba ce.

Kada ka manta, waya tana cin kiredi kamar yadda dabba ke cin harawa. Ka yi lissafin na wata kafin ka biya.

Daga ƙarshe, wanda ya iya karatu shi ne zai karanta kwalin da takardar da kansa, ba wanda zai cuce shi. Ajin yaƙi da jahilci a buɗe yake. Matambayi ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.