Fankar zuƙe iska a makewayin cikin ɗaki

Makewayin iyayenmu ba shi da rufi, rana da iska ke busar da shi. Yau kuwa, daga Maraɗi har Damagaram, muna gina wurin wanka cikin ɗaki, wani ma babu taga. Idan damina ta kankama a watan Agusta, sai danshi ya zauna, fenti ya ɗaye, bango ya yi baƙi, wari ya kama har atamfar da uwargida ta ajiye don sayarwa.

Ƙaramar fanka mai zuƙe iska ta fitar waje tana maganin wannan, kuma ba ta cin kuran kamar fankar sama. Mai faɗin santimita 10 ko 15 ta ishi ƙaramin makewayi.

Mai gida na iya rabin aikin da hannunsa. A huda bangon da ke kallon waje, can sama, nesa da inda ruwa ke fantsama. A sa bututun roba, a ɗan karkata shi waje don kada ruwan sama ya shigo, a liƙe gefensa da siminti, a sa raga saboda sauro da ƙadangaru. A bar ƴar kafa ƙarƙashin ƙofa, don sabuwar iska ta samu hanya.

Haɗa waya kuwa, mu bar wa mai gyaran wuta. Kuran ɗinmu volt 220 ne, kuma jiƙaƙƙen hannu ba ya wasa da shi. A kashe wutar gida duka kafin a soma, makunni kuma ya zauna wajen ƙofa. Kuɗin ma'aikaci bai kai ran mutum ba.