Hadarin Bazara a Wagadugu

A Turai da Amurka, iska mai sanyi ce ke kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi ta ɗaga ta sama, sai a sami ruwa da tsawa. A Wagadugu ba haka abin yake ba. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 a Dassasgho, busasshiyar iskar Sahara ce ke karo da iskar bazara mai laima daga tekun Gini. Zafin ƙasa shi ke tura laimar sama ta zama hadari, wanda galibi daga gabas yake tasowa. Ƙura ta riga shi isowa, ruwa ya sauka, sannan gari ya yi sanyi. Wato a nan sanyi bin ruwa yake yi, ba shi ke kawo shi ba. Wannan ruwa ba na shuka ba ne; manomin da bai jira Yuni ba yana iya asarar irinsa.

Ɗalibi ya lura: cida rugugin nesa ce, tsawa ƙarar kusa, aradu kuwa ita ke faɗowa. Kada kuma a rubuta haɗari maimakon hadari, ƙugiyar nan kaɗai ta raba karon mota da gajimaren ruwa a rubuce.