Ladabin Karanta Saƙo da Mayar da Jawabi

Kafin a datse Kwara a Kainji cikin 1968 har ruwa ya haɗiye gungunan da Gungawa suka gada kaka da kakanni, labari a ƙasar Yawuri kwalekwale yakan hau, ya kwana a hanya, ya iso Yalwa ranar kasuwa a bakin mutumin da aka san shi aka san ubansa. Wanda kuwa ya zo da ƙarya, to, a majalisar da ya zubar da ita nan zai komo ya kwashe abarsa. Yau saƙo kan taso daga Wara ya sauka Shanga tun mai shi bai mayar da waya aljihu ba, ba a san mafarinsa ba balle a tuhumi wani, saboda haka nauyin tantancewa, wanda a da jama'a ke ɗauka tare, ya komo wuyan kowane mai karatu shi kaɗai.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana haka a shekarar 2021. Ranar Laraba, 26 ga Mayu, jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Ran 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka tafi da ɗalibai da malamai. A duka musibun biyu adadin da aka riƙa bayarwa da farko ya saɓa wa juna, alhali bayan kowace lamba akwai uwa da ke zaune da waya a hannu, gabanta na faɗuwa duk sa'ad da ta yi ƙara. Wanda ya tura suna ko hoton gawa a irin wannan rana, ba tare da tahƙiƙi ba, ya ƙwace aikin dattawan da al'ada ta ɗora wa kai labarin rasuwa, waɗanda sukan yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, su gabatar da nasiha a kan haƙuri da ƙaddara, kana su faɗi abin da ya kawo su.

Malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da neman tabbaci kafin a yi aiki da labari. Imamu Muslim ya kawo hadisi a muƙaddimar Sahihinsa domin hani ga zantar da duk abin da kunne ya ji. Imamu Gazali kuma ya yi dogon bayani a kan aibobin harshe a cikin littafinsa Ihya'u. Yatsa kuwa a wannan zamani wakilin harshe ne, hukuncinsu guda.

Abin da ya kamaci mai hankali, da farko, shi ne ya yanka wa saƙonni lokaci, misali bayan La'asar ko bayan Lisha, kada ya bari su bi shi gona da masallaci. In ya buɗe, ya karanta har ƙarshe, ya saurari saƙon murya har ya tuƙe, ya kuma duba ko wani ya riga shi amsawa, domin yawancin husuma daga rabin magana take tsirowa. Sa'an nan ya yi yadda masunci kan yi in ya jawo taru gaɓa, ya zauna ya ware kifi daga ciyawa, ya tambayi mai turowa, "Malam, kai ka gani ko gaya maka aka yi, wa kuma ya gaya maka?"

Wajen jawabi kuwa, in magana ta ɓata masa rai, ya bari ta kwana, gama abin da aka rubuta cikin fushi da dare, da wuya mai shi ya yarda da shi bayan Asuba. In gyara zai yi wa wani, musamman na gaba da shi, ya same shi shi kaɗai, ya soma da gaisuwa, don nasiha a bainar jama'a tozarci ce. In kuwa ba shi da ilimin mas'ala, faɗin "Allahu a'alamu" bai taɓa rage darajar malami ba, balle ta almajiri.

Wajibi ne iyaye da limamai da malaman Islamiyya, daga Yalwa har ƙauyukan bakin tafkin Kainji, su sa wannan ladabi cikin abin da suke karantarwa, kamar yadda suke koyar da sallama da alwala, domin yaron da aka danƙa wa waya ba a koya masa kame hannu ba, alhakin ɓarnarsa har da wanda ya saya masa.