Zazzaɓi ya sauka, amma da sauran kallo

Idan yaro ya tashi daga ƙyanda ko mura mai tsanani, zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, sai gida ya ce an samu lafiya. Amma makonnin da ke biyo baya su ma suna buƙatar sa ido, domin wata illar daga garkuwar jikin da ta kori cutar take fitowa. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da rufi kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A wasu mutane ƙalilan, garkuwar jiki takan rikice bayan ta gama da ƙwayar cuta, ta koma tana cin wannan rufi. In a ƙwaƙwalwa ne, sai yaron da ya fara wasa ya koma barci ba ƙaƙƙautawa, ko jijjiga, ko ya kasa gane mahaifiyarsa. Kusan ɗaya cikin yara 1,000 da suka yi ƙyanda kan sami kumburin ƙwaƙwalwa. In a jijiyoyin gaɓoɓi ne, shi ne ciwon Guillain-Barré, wanda likitocin Faransa suka bayyana a 1916: tafin ƙafa ya fara ji kamar ana soka allura, takalmi ya riƙa suɓucewa, rauni ya haura gwiwa, wani sa'in har ƙirji, numfashi ya gagara.

A nan ake asarar lokaci. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma ƙafar da ta saki ba tare da faɗuwa ko karaya ba, ba aikin ɗori ba ce, kuma hayaƙin iskoki ba ya tsayar da ita. Mutanen Jega da Aliero ba su manta sanƙarau na Maris 2025 ba, wanda ya ci rayuka da dama a yankunansu da Gwandu. Sanƙarau daban ne, ƙwayar ce da kanta ke kumbura rufin ƙwaƙwalwa, sai dai uwa a ƙauyen Maiyama ba ta da hanyar bambance su da ido. Dukkansu asibiti suke so a ranar, ko da sai an tura mutum Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Wani zai ce, in garkuwar jiki ce mai ɓarnar, ai allurar rigakafi ma tayar da ita take yi. Tambayar tana da tushe: a Amurka a 1976 an ga ƙarin mutum kusan ɗaya cikin 100,000 da suka sami Guillain-Barré bayan wata allurar mura. Amma a auna. Kumburin ƙwaƙwalwa bayan allurar ƙyanda bai kai ɗaya cikin miliyan ba, ita kuwa ƙyandar kanta tana jawo shi ga ɗaya cikin dubu. Ana yin allurar ƙyanda kyauta a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma ta biyun ce iyaye suka fi mantawa.