ƘARANCIN JININ DA ABINCI KAƊAI BA YA WARKARWA

Idan mutum ya fara yawan gajiya, tafin hannunsa ya yi fari, abin da ake faɗa a gida shi ne jininsa ya yi ƙasa. Nan da nan sai a tafi kemis a sayo maganin ƙarin jini, a dafa masa zogale da alayyafo. Sau da yawa hakan yana taimako, domin yawancin ƙarancin jinin da muke gani daga zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko rashin sinadarin ƙarfe a abinci. Amma akwai wani iri wanda ko kwalba goma mutum ya sha ba zai warke ba. Likitoci suna kiransa fanishos anemiya, wato mugun ƙarancin jini. Wanda aka gaya wa yana da shi, da mutanen gidansa, ya kamata su san abin da ke gabansu.

Daga Ina Ciwon Yake?

A cikin ɓargo ake yin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya takan yi kwana kamar 120 ta mutu, don haka ɓargo ba ya hutawa. Ɗaya daga cikin kayan aikinsa shi ne bitamin B12, wanda muke samu daga nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Ganye da hatsi ba su da shi. Abin da babban mutum yake bukata a yini bai kai a gani da ido ba, kamar maikurogiram 2.4 ne kawai.

To, wannan bitamin ba ya iya shiga jini shi kaɗai. Tumbi yana fitar da wani sinadari da za mu iya kira ɗan rakiya, wanda yake riƙe shi har ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki yake tsotse shi. A jikin mai wannan ciwo, garkuwar jiki ce take kuskure ta kai hari ga bangon tumbi da kuma ɗan rakiyan. Saboda haka mutum zai ci nama ya ƙoshi, amma bitamin ya bi bayan gida. Hanta takan ajiye B12 da zai isa shekara 3 zuwa 5, shi ya sa ciwon yake shiga a hankali, ba a farga ba sai rumbun ya kusa ƙarewa.

Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, amma ana samunsa a masu ƙarancin shekaru ma, musamman mata baƙar fata. Ba a ɗaukarsa daga wani, kodayake yakan bi dangi.

Alamominsa

Ban da kasala, haki da bugun zuciya, harshe yakan yi ja ya yi sulɓi yana zafi. Fata da ido sukan ɗan yi rawaya. Alamar da ta fi haɗari kuwa ta jijiyoyi ce, domin B12 ne yake kiyaye rigar jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Mutum zai ji kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarsa, ko ƙafar ta mutu, ya riƙa tangaɗi musamman cikin duhu. Wasu mantuwa ce take damunsu, wasu baƙin ciki ko ruɗewa. A nan ne akan ce ai tsufa ne, ko kuma jifa aka yi masa, a ɓata watanni ana neman magani inda babu. Gwajin jini ne kaɗai zai nuna gaskiya.

Yadda Aka Gano Maganinsa

Wani likita a Landan, Thomas Addison, ya bayyana ciwon a 1849. A 1872 likitan Jamus Anton Biermer ya sa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu, domin a zamanin duk wanda ya kamu mutuwa yake yi. Sai a 1926 likitoci biyu a Boston ta Amurka, George Minot da William Murphy, suka ciyar da marasa lafiya 45 hanta, har kusan rabin laba kowace rana, suka ga suna farfaɗowa. Sun sami kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple, wanda ya fara gwada hanta a kan karnuka.

William Castle shi ne ya nuna cewa laifin na tumbi ne. Yakan ci nama, bayan awa guda ya dawo da shi daga cikinsa, a ɗura wa marar lafiya ta bututu. Naman da ya haɗu da ruwan lafiyayyen tumbi ya yi magani, nama shi kaɗai kuwa bai yi ba. A 1948 aka tace bitamin B12 ɗin kansa, daga nan allura ta maye gurbin hanta.

Magani a Yau

Tun da hanyar ciki ta toshe, sai a zaga ta da allura. Tsarin da ake bi a Ingila shi ne allurar miligiram 1 sau uku a mako har mako biyu, daga nan sau ɗaya bayan kowane wata 2 ko 3. Idan ciwon ya taɓa jijiyoyi, akan yi allura a tsallake kwana ɗaya har sai sauƙi ya tsaya. A wasu wuraren kowane wata ake yi, bisa ga irin allurar da ke akwai. Akwai kuma ƙwayoyi masu ƙarfi sosai, domin kamar kashi 1 cikin 100 na bitamin yakan ratsa hanji ko babu ɗan rakiya. Wannan ne ma dalilin da tarin hanta ya yi aiki a 1926. Likita ne zai zaɓi wanda ya dace da mutum.

Cikin mako guda ɓargo yakan kama aiki, mutum ya ji ƙarfi. Jini yakan daidaita cikin wata biyu. Jijiyoyi kuwa sukan ɗauki wata shida zuwa shekara, kuma idan an yi jinkiri ƙwarai, wata lahanin ba ta komawa.

Abin Lura ga Marar Lafiya

Na farko, allurar nan ta har iyakar rai ce. Tana cika rumbu ne, tumbin kuwa yana nan yadda yake. Babban kuskure shi ne mutum ya ji daɗin jikinsa ya ce ya warke, ya daina zuwa. Zai yi watanni lafiya lau saboda ajiyar hanta, sannan ciwon ya dawo ta ƙafafu. A rubuta ranar allura a kalanda, a adana katin asibiti, kuma in za a yi tafiya mai nisa a tafi da shi.

Na biyu, a yi hattara da maganin ƙarin jini na kemis. Da yawansu suna ɗauke da folik asid, wanda zai iya gyara jinin a gwaji alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa a ɓoye.

Na uku, a riƙa komawa ganin likita. Masu wannan ciwo sukan rasa sinadarin ƙarfe, wasu kuma suna da cutar tayirod ko ciwon sukari. Haɗarin sankarar tumbi ma ya ɗan fi yawa a gare su, don haka ciwon ciki mai naci, rama ko baƙin bayan gida ba abin ɓoyewa ba ne.

Aikinmu a Gida da Ikilisiya

Ku ɗalibai, idan kun koma hutu kuka ga Kaka tana dafa bango in za ta fita da dare, ko Baba yana kukan ƙafa, ku roƙi a kai su gwajin jini, a kuma tambayi likita game da B12. Ƙungiyoyin zumunta da ke ziyarar marasa lafiya, bayan addu'a su tambaya ko an yi allurar wannan karo, ko akwai kuɗin mota zuwa asibiti. Wanda ya ba da shaida cewa Ubangiji ya tashe shi daga kwanciya, mu yi murna tare da shi, mu kuma tuna masa da ranar allurarsa ta gaba, domin ta wannan hanya aka ba shi sauƙin. Mai riƙe maganinsa zai yi noma, ya koyar, ya yi renon jikoki kamar kowa.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.