Lambun Makaranta a Ƙasar Manoma: Ruwa, Shinge da Mai Tsaro

Duk wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora a Jihar Kano da kaka ya nufi Tudun Wada da Doguwa, abin da zai yi ta gani dama da hagu shi ne masara da dawa da shinkafa, har ya kai bakin dajin Falgore. A wannan yanki, yaro ɗan shekara goma ya san riƙon fartanya, ya san lokacin firi da na maimai. Amma da ya shiga aji, sai noman ya koma zane a jikin allo, a haddace domin jarrabawa. In ma fartanya ta shigo makaranta, sau da yawa horo ne ya kawo ta: wanda ya makara a tura shi nome ciyawa.

Tunanin gonar makaranta ba baƙo ba ne a nan. Malaman tsangaya sun daɗe suna fita gona da almajiransu da damina, abin da aka girbe shi ake ci. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Operation Feed the Nation, aka buƙaci makarantu su nome filayensu. Shirin ya wuce, gonakin da yawa suka koma saura ko filin ƙwallo.

Daga baya ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka farfaɗo da batun a wurare da dama. A 1995 wata mai gidan abinci a Amurka, Alice Waters, ta haɗa kai da wata makarantar gwamnati a garin Berkeley, aka mai da wani fili lambu, aka haɗa da ɗakin girki, yara su shuka su dafa su ci. Ƙungiyar Slow Food ta ƙasar Italiya ta fara shirin lambuna dubu a Afirka a 2010, ta ɗaga burin zuwa dubu goma a 2014, kuma da yawansu a makarantu suke, da irin gida da takin gargajiya. A Nijeriya, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta shiga wasu makarantun sakandare na Jihar Oyo da shirinta na STEP, inda ɗalibai ke koyon noma a matsayin sana'ar neman kuɗi.

Kano ma tana da waɗanda suka san kan aikin. Ƙungiyar Sasakawa tana aiki da manoman Nijeriya tun 1992, kuma hanyarta sananniya ce: a yanki fili a yi gonar gwaji, manomi ya gani da idonsa ya kwatanta da tasa. Malaman gona na hukumar KNARDA su ma da haka suka saba. Lambun makaranta gonar gwaji ce, sai dai manomanta yara ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalandar karatu. Dogon hutu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da gonar damina ta fi buƙatar hannu. Ɗalibai su shuka masara a Yuni, su tafi hutu, su dawo su tarar ciyawa ta cinye ta. Saboda haka lambun da zai rayu a makaranta na rani ne. A yi renon iri a Oktoba, a dasa tumatir da attaruhu da albasa a fangali da shigowar sanyi, a tsinka a zangon karatu na biyu. Alayyafo kuwa cikin wata guda ya isa miya, don haka shi ne ke fara sa yara murna.

Noman rani sai da ruwa, kuma nan yankin Bebeji, inda madatsar Tiga take, ya yi sa'a. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo ita ke shayar da filayen Kadawa da Kura, don haka iyaye da yawa a yankin sun ƙware a ban-ruwa. Sai dai makarantar da ke ƙauyen Kiru ko kan duwatsun Riruwai ba ta kusa da magudana. Abu na farko da take buƙata daga duk ƙungiyar da ta zo taimako shi ne rijiya ko burtsatse mai aiki. Na biyu shinge, domin da an gama girbi ake sakin awaki da tumaki, kuma koren fangali ɗaya a tsakiyar rani ba ya kwana. Kafin a sami waya, darnin kara ya wadatar, a jera zogale a gefensa ya zama shinge ya zama abinci.

Me yaron da ya tashi a gona zai ƙaru da shi? Awo da rubutu. A gida ana cewa yi kaza, ya yi. A lambun makaranta zai auna tazarar shuka da igiya, ya sa taki a fangali ɗaya ya bar ɗaya, ya rubuta bambancin. Zai lissafa kuɗin iri da abin da kwandon tumatir ya kawo. Zai koyi gane ƙwaro tun bai yi ɓarna ba, darasin da manoman Kadawa suka biya da tsada a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir. 'Yan mata kuma, waɗanda tukunyar gida ke jiransu, za su ji dalilin da ya sa ake son ganye da wake a abincin ƙaramin yaro.

Akwai ma kasuwa a bakin ƙofa. Kano ta fara ciyar da 'yan firamare tun zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, sannan shirin tarayya na 2016 ya zo da naira 70 ga kowane yaro, da manufar sayen kayan abinci daga manoman yanki. Lambu ba zai ciyar da makaranta ba, amma zai iya ba mai dafawa alayyafo da albasa.

Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe lambun bayan motar ƙungiya ta tafi. Tun ranar farko ya kamata kwamitin kula da makaranta da dagaci da shugaban malamai su zauna su raba aiki: wa zai yi ban-ruwa Asabar da Lahadi, wa zai duba shinge a hutun Disamba, a hannun wa kuɗin tumatir zai zauna har a sayi irin baɗi.